Tukunyar da Na Binne a Ƙofar Gida

Ayuba, Rifkatu, Auta, akwai wata magana da kuke yawo da ita a kaina, kuma na gaji da jin ta. Ranar bikin Auta, kai Ayuba ka miƙe a gaban ikilisiya ka ce babanku mutum ne mai bangaskiya, wai shekarar da kowa ya gudu daga Unguwar Barmo shi bai gudu ba, ya tsaya ya dogara ga Ubangiji. Aka yi tafi, wasu mata har da guɗa. Ni kuwa na waiwaya wajen mamarku, na ga ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafarta ta hagu. Har yau ba ta tona ni ba. To ni zan tona kaina, tun ina da sauran ido na rubutu, don kada ku je ku maimaita wannan magana a bakin kabarina.

Kun san unguwarmu, can bayan Tafoki, inda kakana Barmo ya sari daji ya kafa gida. Mu Kirista muna gabas da rijiya, maƙwabtanmu Musulmi suna yamma da ita, guga ɗaya muke ja. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda unguwar ta koma a shekarar da aka katse layin waya, aka hana sayar da mai a jarka, domin lokacin duk kuna birni. Labari ya daina zuwa ta waya, ya koma zuwa da ƙafa. Yau mutum ya iso daga wajen Damari babu takalmi, gobe wata ta iso daga ƙasar Ƙanƙara da goyo, ba ta san inda sauran ƴaƴanta suke ba. Muka koyi sauraron babur kamar yadda ake sauraron hadari. Ɗaya ne ko da yawa? Ya nufo nan ko ya yi kudu? Mata suka daina lugude a turmi, don kada ƙarar taɓarya ta rufe musu ƙarar inji. Ƙarfen motar da muke bugawa a kira sujada muka sauke shi daga bishiya. Gida-gida aka riƙa watsewa, wanda zai tafi ba ya ma sallama, sai dai da safe ka ga ƙofa a ɗaure da igiya.

Ni dattijon ikilisiya ne, ni ke ƙarfafa mutane. Amma gaskiyar magana ita ce tsoro ya cinye ni. In ina noma, ganyen dawa ya motsa a bayana, sai in zabura in waiwaya. Na yi addu'a, na yi azumi, tsoron bai ragu ba ko kaɗan, kuma kunya ta hana ni gaya wa kowa. A cikin wannan hali ne Baba Nomau ya same ni a gona. Kun tuna shi, ƙanen mahaifina, wanda duk danginmu suka karɓi baftisma shi ya ce a bar shi da abin da ya gada. Ya zauna a kan kunyar dawa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Bitrus, ka rame. Mi ke cin ka?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ba ta ramar da mutum. Ubana Barmo da ya kafa wurin ga, kana tsammani da waƙa ya kafa shi? Kafi ya yi mashi, asirin tsare gari. Mahara sun zo, sun ga daji, sun wuce. Ku kun bar abin ya mutu."

"Baba, ka san ni na bi Yesu."

"Wa ya ce ka bar shi? Riƙe abinka. Gida biyu maganin gobara."

Da na tashi na bar wurin a lokacin, da babu wannan babi. Ban tashi ba. Ranar Talata da la'asar, mamarku ta tafi taron zumuntar mata, Baba Nomau ya zo da ƴar tukunya a cikin buhu. Muka haƙa rami a ƙofar gida, daidai inda ake taka ƙafa a shiga zaure. Ya zuba saiwoyi da ƙahon rago da ƙasar kusurwa huɗu ta gidan, ya yanka baƙin zakara a kai. Duk wannan ina jiyo matan can majami'a suna kaɗa tulu suna waƙa, har ina rarrabe muryar mamarku a ciki. Na mayar da ƙasa, na daddaɓe, na watsa busasshiyar ƙasa a kai. Sai ya gindaya mini sharaɗi biyu. Na farko, kada mace ta sani. Na biyu, ni maigida kada in kwana a wani wuri ko da dare ɗaya, sai dawa ta shiga rumbu. Ranar da na kwana waje, kafi ya karye, abin da ya biyo baya kuma ni na saya.

Abin kunyar shi ne a ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Na koma tsayawa gaban jama'a da murya mai ƙarfi, mutane suna cewa Dattijo Bitrus ya sami sabon iko. Bayan mako uku, kai Ayuba ka aiko direba da saƙo cewa ka samo mana ɗaki a Funtuwa, mu taho. Na dawo daga gona na tarar mamarku ta ƙulle kaya, har ta ɗaure kajinta.

"Baban Auta, yaron nan ya yi ƙoƙari. Mu tahi, in ƙura ta lafa mu dawo."

"Mu tahi ina? Allahn Funtuwa daban ne da na nan?"

"Ba haka nike nuhi ba."

"To kwance kayan nan. Shekara nawa kina waƙar Ubangiji makiyayi ne, yau an zo gwaji kin ɗaure kaji?"

Na jero mata ayoyi, ɗaya bayan ɗaya, har ta yi kuka. Ta roƙe ni gafara, ku ji fa, ita ta roƙe ni gafara, ta ce bangaskiyarta ce ta yi rauni. Ta kwance kayan, ta saki kajin. A duk zunuban da na yi a duniya, wannan ne ya fi tsaya mini a wuya. Na ɗauki Maganar Allah na ɗaure matata da ita a jikin tukunya.

Zuwa lokacin roron wake, gidajen da suka rage a unguwar ba su kai yatsun hannu biyu ba. A cikinsu akwai gidan Malam Isiyaku, abokina tun muna kiwon awaki. Shi ya riga ya tura iyalinsa Faskari, ya tsaya ne kawai ya yanke dawarsa ya bi su. Kullum in ya wuce yakan tsokane ni, ya ce, "Limamin Kirista, ka yi mana addu'a, namu limamin ya gudu." Ni kuma in ce masa ya fara biyan goron addu'ar bara.

Ranar Alhamis da hantsi muna gonar bayan gida, mamarku tana ɗaga harawa, sai na ji ta ce "Wayyo Yesu!" Na ruga. Kububuwa ce, wadda muke kira gobe-da-nisa, ta sare ta a gefen ƙafa. Na kashe macijiyar da fartanya, na ɗaure ƙafar da ɗankwalinta, na ɗauko ta zuwa gida. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan sara ba na gida ba ne. Allura ce maganinsa, allurar kuwa sai babban asibiti, wanda aka kai kuma ba ya dawowa a ranar. Na san wannan sarai. Babur ɗina yana jingine a zaure. Amma da na zo tsallake ƙofar gida da ita a hannuna, ƙafata ta taka daidai kan tukunyar, sai sharaɗin ya faɗo mini. In na kai ta, zan kwana waje.

Na kwantar da ita a rumfa na ce mu yi addu'a. Na yi doguwar addu'a, irin wadda mutum ke yi in ba ya son ya buɗe ido. Na aika aka kira Baba Nomau, ya zo ya tsattsaga wurin, ya shafa magani, ya ba ta wani ta sha, ya matse hannuna a ɓoye ya tafi. Rana ta take tsaka, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Inda aka tsaga jini ya ƙi tsayawa. Ta tofa miyau, na ga ja. Ni kuwa ina kai da kawo tsakanin rumfa da zaure, in dubi matata, in dubi ƙofar gida. Ina tsoron ta mutu, ina tsoron in fita. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin tsoro biyu masu jan sa gabas da yamma ba sai ranar.

Bayan azahar Malam Isiyaku ya yi sallama. Ya dubi ƙafar, ya dubi bakinta, fuskarsa ta canza.

"Malam Bitrus, tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Tun hantsi! Kana zamne kana kallon ta? Ɗauke ta yanzu-yanzu."

"Babu mai a babur."

Ba ƙarya na yi ba, man ya yi ƙasa, amma na ji daɗin samun abin faɗa. Ya juya ya fita. Jim kaɗan ya dawo da kwalba cike da fetur, duk jikinta ƙaiƙayi, alamar daga cikin rumbu ya tono ta. Da hannunsa ya buɗe tankin ya juye, har ya girgiza kwalbar don kada ɗigo ya rage.

"Isiyaku, wannan ba shi ka aje don tahiyarka ba?"

"Ni lahiyata lau, ina da ƙahwa. Ita fa? Tashi, don girman Allah."

Ya fita ya ba mu wuri ta kimtsa. Ni kuma na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni. Mamarku ta ɗaga kai da ƙyar ta dube ni, irin kallon da take yi muku in kun ɓoye abu a bayan hannu.

"Baban Auta, ga mai an zuba. Mi ke riƙe da kai?"

Na durƙusa a gaban tabarmar na gaya mata komai, tukunyar, zakaran, sharaɗin, da ranar Talatar. Ina magana ina kuka kamar yaro. Ta rufe ido har na ɗauka ta suma. Can sai ta yi ƴar dariya, haƙoranta duk jini.

"Tukunya. Ni da na zamna don na ɗauka Yesu ka riƙe. Da ka ce tukunya kake so, ai ina da su goma a madahi."

"Ki yahe mani, Saratu."

"Wannan sai an jima. Ba zan roƙe ka ka kai ni ba. In na mutu yau, na san wanda ya hwanshe ni, na san inda za ni. Kai ne ban san inda za ka ba."

Ba wa'azin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan. Kada ku ɗauka tsoron ya tafi, yana nan daram. Abin da ya faru shi ne na ce a zuciyata, Ubangiji, ga gidan, ga dawar, ga raina, ban iya tsare ko ɗaya ba, ka yi yadda ka ga dama. Malam Isiyaku ya taimaka muka ɗora ta a bayana, ya ɗaure mu tare da zanenta kamar goyo, don ba ta iya riƙe ni. Na tuƙa babur ɗin ta kan tukunyar na fita.

Hanyar daga unguwarmu zuwa titi ƴar siririya ce, dawa ta rufe ta hagu da dama, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka zo kansa. Mun kusa rafi sai na ji baburan ɓarayin daji. Ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Na kashe inji, na tura babur ɗin cikin dawa da ƙafafuna, ita tana ɗaure a bayana, numfashinta mai zafi a wuyana. Ta tsakanin kara na hango su suna ƙetare rafin can ƙasa, bibbiyu a kan babur, bindigogi a rataye, suna hira suna dariya kamar masu zuwa biki. Ba zan ɓoye muku ba, fitsari ya kuɓuce mini. Bakina ya kasa haɗa addu'a. Mamarku ce ta sa bakinta a kunnena tana maimaita sunan Yesu a hankali, har ƙarar ta yi nisa ta ɓace wajen arewa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Da na tayar da injin, sai na ji kamar duk dajin ya ji.

Mun isa asibiti a Funtuwa rana ta yi ja. Aka yi mata allura, aka ƙara mata jini, kai Ayuba ka zo ka same mu, wannan ka sani. Abin da ba ka ji ba shi ne abin da likitan ya ce mini a gefe. Ya ce za ta rayu, amma naman ƙafar ya riga ya mutu a wani wuri, da an kawo ta da wuri da ba a kai ga yanka ba. Ya tambaye ni abin da ya tsayar da mu. Na ce masa hanya.

Washegari da yamma wani mutumin Tafoki ya shigo asibitin da ɗan'uwansa, shi ya ba ni labari. Ɓarayin sun shiga Unguwar Barmo da hantsin ranar. Sun kwashe abin da za su kwashe, sun cinna wa sauran wuta, gidanmu har rumbu. Waɗanda suka ji su da wuri sun faɗa cikin dawa sun tsira, Baba Nomau yana cikinsu. Malam Isiyaku an same shi a bakin hanya, kusa da babur ɗinsa. Ya tura shi ya fito da shi waje, ko ya manta ne a cikin ruɗewa cewa babu mai, ko yana fatan akwai ɗan abin da ya rage a tanki, Allah kaɗai ya sani. Shekara talatin ina gaya wa mutane cewa wani ya mutu a madadinmu, ina faɗa da baki mai sauƙi kamar ina ba da labarin kasuwa. Ban san nauyin wannan magana ba sai da na zauna a barandar asibitin nan, ina jin warin fetur ɗinsa a hannun rigata.

Bayan wata biyu Baba Nomau ya zo duba mamarku. Bai ko gama gaisuwa ba ya juyo kaina.

"Na gaya maka. Dare ɗaya ka kwana waje, ka ga abin da ya biyo."

Kafin in buɗe baki, mamarku ta amsa daga kan gado.

"Baba, da ya kwana ciki, da yanzu kana zaman makokinshi. Allah ya aiko direba, mun ƙi. Sai ya aiko macijiya."

Tsohon ya kaɗa kai, ya ce mata ba su san kan abin duniya ba. Har ya rasu yana kan bakansa, ni kuma ban yi jayayya da shi ba, domin ba shi ya tilasta mini ba, da hannuna na haƙa ramin. Da rani na koma unguwar sau ɗaya tare da masu rakiya. Zauren ya rushe, amma na gane wurin. Na tono tukunyar na fasa ta da dutse. Gara ta cinye komai, babu abin da ke ciki sai jar ƙasa da guntun ƙaho. Na kai maganar gaban Fasto da dattawa, na ajiye dattijantaka shekara guda. Su suka rufa mini asiri, shi ya sa ba ku ji ba.

Kada ku tambaye ni dalilin da ya sa Ubangiji ya fitar da matsoraci mai tukunya, ya bar mutumin da ya juye mansa a tankin wani. Na tambaya har na gaji, ba a ba ni amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne lokacin da nake binne tukunya, shi ya riga ya shirya hanyar fita, kuma bai jira na cancanta ba. Tsoro bai rabu da ni ba har yau, ko a nan Funtuwa in babura suka wuce da yawa sai na ajiye cokali. Amma yanzu in ya zo, wurin Ubangiji nake kai shi, ba na haƙa masa rami.

Abu biyu nake so daga gare ku. Iyalin Malam Isiyaku suna Faskari, ƴaƴansa ƴan'uwanku ne, duk abin da ya same su ya same ku, ko ina raye ko ba na raye. Na biyu, ranar da za ku binne ni, kada wanda ya ce na tsaya. Ku ce an ja shi an fitar, yana kuka, ya jiƙa wandonsa.

Mamarku ta yafe mini tun muna asibiti. Ta ce ta yafe rabi a ranar, sauran rabin kuma da ta ga na iya wanke mata zane. Amma yafiya ba ta mayar da naman ƙafa. Kun saba cewa macijiya ce ta sa ta ɗingishi, ku daina ɗora wa macijiya. Sara nata ne, ɗingishin nawa ne, daga hantsi zuwa bayan azahar na yi shi. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin takunta a tsakar gida, ɗaya ta taka, ɗaya ta ja, tana kawo mini kunu.